Indiya da Pakistan: ko musabaha ba sa yi, me ya hana su rufe ofisoshin jakadanci?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu bin labaran waje, don Allah ku fitar da ni daga duhu. Yaron shagona ne ya nuna min bidiyon wasan kurket ɗin da aka yi a Dubai ƙarshen Satumban 2025. Indiya ta ci Pakistan a wasan ƙarshe, aka zo ba da kofi, 'yan wasan Indiya suka ce atafau ba za su karɓa daga hannun mai miƙawar ba, don shi ne ministan cikin gidan Pakistan. Haka aka watse ba kofi. Ya ce min tun karawar farko ma ko musabaha ba su yi ba. To abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutanen da suka yi wa juna ruwan makamai a watan Mayun 2025, hannu ma ya gagara, amma an ce har gobe Indiya na da ofishi a Islamabad, Pakistan na da nata a Delhi. Me suke yi a ciki? Shan shayi?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Alhaji ai amsar a fili take. Munafunci ne irin na 'yan siyasa. Faɗan nan na addini ne tsantsa, Hindu da Musulmi, kuma ba zai ƙare ba sai an ƙwato Kashmir. Sauran duk surutu ne.

Baba Malam: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sarkin Gardama, ka bari a shimfiɗa tabarma kafin ka fara rabon hukunci.

Alhaji, ni a aji na fara sanin mutanen nan tun kafin in san su a jarida. Lokacin da muke sakandare, farkon shekarun 1970, makarantun Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya da 'yan Pakistan. Mai koya mana lissafi ɗan Pakistan ne, mai koya mana kimiyyar sinadarai ɗan Indiya, gidajensu na jere a kwatas, shingen dogon yaro ne kawai a tsakani. Idan suka haɗu a baranda yare ɗaya suke yi, su yi ta ƙyaƙyata dariya, mu ba ma gane ko kalma. Mota ɗaya suke shiga zuwa kasuwa ranar Asabar. Da yaƙin Disambar 1971 ya ɓarke, sai muka ga kowa ya kama gabansa. Kowanne na zaune a ƙofar gidansa da rediyo manne a kunne, ba mai kallon wani. Amma da yamma, da idona na sha gani, matar wannan na miƙa wa matar wancan kwano ta saman shingen. Bayan 'yan makonni motar ta koma ɗaukar mutum biyu.

Daga baya muka ji cewa shi ɗan Pakistan ɗin a ɓangaren Indiya aka haife shi, shi kuma ɗan Indiyan iyayensa daga Lahore suka gudo. Tun daga ranar nake kallon rikicin nan a matsayin 'yan ubanci. Gida ɗaya ne aka raba gadonsa a gaggauce. Lauyan da Birtaniya ta turo ya shata iyakar a 1947, Cyril Radcliffe, bai taɓa taka ƙasar ba kafin nan, kuma kusan mako biyar kacal aka ba shi. Ba a ma fitar da taswirar ba sai 17 ga Agusta, bayan an riga an yi bikin 'yancin kai. Wato akwai ƙauyukan da suka kwana biyu ba su san a wace ƙasa suke ba. Mutum sama da miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya. Janar Musharraf da ya mulki Pakistan a Delhi aka haife shi. Manmohan Singh da ya yi firaministan Indiya shekara goma, ƙauyensu na cikin Pakistan ta yau. Ɗan ubanka kana iya shekara ba ka gaishe shi ba, amma ba ka isa ka ɗauke gidanka daga jikin katangarsa ba.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma har yanzu ban ji aikin da ofishin yake yi ba.

Baba Malam: Ina zuwa, tsufa ne ke sa mu zagaye. Da farko dai ofishin ba cikakke ba ne. Tun watan Agustan 2019, da gwamnatin Modi ta soke sashe na 370 na tsarin mulki, wanda ya ba Kashmir ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai, Pakistan ta sallami jakadan Indiya, ta fasa tura nata, ta dakatar da ciniki. Tun daga lokacin muƙaddasai ne ke riƙe da ofisoshin. A Afrilun 2025 aka sake rage ma'aikatan daga 55 zuwa 30, aka kori jami'an soja da ke ciki. Gida ne da aka kwashe kayan ɗaki, aka kashe fitilu, amma aka bar mai gadi da waya ɗaya. Aikinsu shi ne fursunoni, masunta da ake kamawa a teku idan sun ƙetare iyaka ba su sani ba, gawar da za a mayar gida, da isar da saƙon da shugabanni ba sa son a ji sun faɗa da bakinsu.

Sarkin Gardama: Allah ya gafarta Malam, duk wannan tarihi ne mai daɗi, amma bai goge maganata ba. Don me aka raba ƙasar tun farko in ba don addini ba? Kashmir mafi yawan mutanenta Musulmi ne, sarkinta Hari Singh ba Musulmi ba, ya sa hannu ya miƙa ta ga Indiya a Oktoban 1947. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1948 a yi ƙuri'ar raba gardama. Ina ƙuri'ar? Shekara kusan tamanin! Kuma ku dubi sunan da Pakistan ta sa wa martaninta a watan Mayu, Bunyanun Marsus, daga Suratus Saffi aka ɗauko. Su kansu sun san me suke yi.

Ɗan Damagaram: Sarkin Gardama, ina da tambaya uku, ka amsa min ba tare da zafi ba. Ta ɗaya, a 1971 wa sojojin Pakistan suka yaƙa a gabashin ƙasar kafin Indiya ta shigo? Ba Musulmin Bengal ba ne, waɗanda suka zama Bangladesh? Ta biyu, Musulmin da ke cikin Indiya, ƙidayar 2011 ta ce sun kai miliyan 172, a wane ɓangare za ka ajiye su? Ta uku, ranar da 'yan bindiga suka kai harin Pahalgam a Kashmir ɓangaren Indiya, 22 ga Afrilun 2025, ina Modi yake? A Jidda yake, baƙon Saudiyya, sai da ya katse ziyarar. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta rataya masa lambar yabonta mafi girma a Agustan 2019, makonni kaɗan bayan soke sashen nan na 370. Kai har ministan wajen Taliban an karɓe shi a Delhi a Oktoban 2025, daidai lokacin da Kabul da Islamabad ke musayar wuta a kan iyaka. In addini kaɗai ne ke tuƙa motar nan, direban ya sha bamban da wanda muka sani.

Sarkin Gardama: Laifin shugabanni bai zama hujja a kan talakan Kashmir ba. An tsare shugabanninsu a 2019, an yanke musu intanet wata da watanni, sojoji cike da titunansu. Ko wannan ma ƙarya ne?

Ɗan Damagaram: Ba ƙarya ba ne, kuma ban ce ƙarya ne ba. Zaluncin da ake yi wa mutanen Kashmir gaskiya ne. Abin da nake cewa, kada ka ɗauka masu riƙe da madafun iko a Rawalpindi, hedikwatar sojan Pakistan, don su suke kwana ba barci. Ƙudurin 1948 ɗin da ka kawo ma, sharaɗinsa na farko shi ne Pakistan ta janye mayaƙanta, sannan Indiya ta rage sojojinta, sannan a yi ƙuri'a. Kowa ya tsaya yana cewa ɗayan ya fara. Haka aka tsufa.

Admin: Jama'a a ci gaba, amma banda kafirta juna da kiran suna. Na goge saƙo biyu yanzun nan, masu su sun san kansu.

Autan Punjab: Salam iyayena da yayyena. Ni ina karatu a jihar Punjab ta Indiya, shekara ta uku ke nan, bari in faɗi abin da na gani.

A shekarata ta farko muka je kallon saukar da tuta a iyakar Attari da Wagah, tafiyar kamar kilomita 30 daga Amritsar. Wallahi kamar filin ƙwallo. Kujeru hawa-hawa, masu sayar da tuta da gugguru, ana kiɗa, mata na rawa a tsakiyar titi. Can ɗaya gefen ƙofar kuma ga jama'ar Pakistan, su ma da nasu ihun. Sai ga sojoji zaratan gaske, an zaɓo dogaye, rawani mai tuntu kamar zakara, gashin baki a murɗe. Kowa ya ɗaga ƙafa har ta kusa taɓa goshinsa ya buga a ƙasa, ya zazzaro wa na gabansa ido. Da farko na tsorata. Da na natsu sai na lura ashe takunsu ɗaya ne, daƙiƙa ɗaya suke juyawa, tutocin biyu a tare suke sauka, ba wadda ta riga wata. Na ce wa abokina, mutanen nan ai sai sun yi atisaye tare kafin su iya nuna wannan ƙiyayyar. Ya yi dariya ya ce kada in faɗa da ƙarfi.

Amma na watan Mayu ba wasa ba ne. Daren 8 da na 9 aka ɗauke wuta gaba ɗaya a garuruwan da ke kusa da iyaka, aka ce ko fitilar waya kada a haska ta taga. Muna kwance a ɗaki mu huɗu, ana jin jiniya, can sama kuma wani ƙara kamar ana fasa taya. Hajiyarmu ta kira ni ya fi sau ashirin, ni kuma ina ce mata ai mu muna nesa sosai, alhali ƙarya nake. Abin da ya fi tsaya min a rai, mai shagon da nake sayen madara a wurinsa, dattijo ne Basikhe mai rawani. Da safe na same shi yana kallon labarai ransa a ɓace. Ya ce min masu ihun a yi yaƙi a talabijin duk a Delhi da Mumbai suke, su kuwa nan Punjab ko ta wane gefe bam ya faɗo, a kan ɗan Punjab zai faɗa. Wurin ibadarsu mai daraja, Kartarpur, inda Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, ya ƙare rayuwarsa, yana cikin Pakistan, 'yan kilomitoci daga iyaka. A Nuwamban 2019 aka buɗe musu hanya ta musamman ba sai da biza ba. Da rikicin Mayu ya tashi aka rufe ta.

Maman Ilham: Auta, Allah ya tsare mana ku, ka daina yi wa Hajiya ƙarya amma.

Ni ma ina da abin faɗa, ko da yake ban san siyasa ba. Shekarun baya na kai mahaifiyata Delhi aikin zuciya. A masaukin da muka kama kusa da asibiti, kicin ɗaya muke amfani da shi da wata mata 'yar Pakistan da ta kawo ɗanta, bai fi shekara biyar ba, an haife shi da huda a zuciya. Ba ta jin Turanci sosai, ni ma ba na jin nasu, amma mun fahimci juna. Ita ta koya min murza gurasarsu, ni na dama mata kunun gyaɗa. Ta nuna min da hannu cewa haɗa kuɗin aikin bai ba su wahalar da samun biza ya ba su ba. Kullum da fargabar kada wani abu ya faru a kan iyaka a ce su tattara. To da na ji a Afrilun 2025 Indiya ta soke bizar 'yan Pakistan, masu jinya ma aka ba su zuwa 29 ga wata su fice, ita ce ta fara faɗo min a rai. Irin waɗannan yaran sai an riƙa komawa da su ana dubawa. Baban Khalifa, ka ce me ake yi a ofishin. Ni dai na san takardar da ta kawo yaron nan gaban likita daga irin wannan ofishin ta fito.

Baban Khalifa: Hajiya kin kashe bakina. Allah ya ba shi lafiya in yana raye.

Sarkin Gardama: Amin. To amma wa ya soke bizar? Ba Indiya ba? Kun ga abin da nake faɗa.

Ɗan Damagaram: Ita ce, kuma Pakistan ta rama, ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Indiya. Amma ka faɗi abin da ya jawo. An kashe mutum 26 a Pahalgam, galibinsu 'yan yawon buɗe ido, an ware maza ana tambayar addininsu kafin a harbe. Har da wani Musulmi ɗan yankin mai hayar doki a cikin mamatan. Indiya ta ce daga Pakistan aka kitsa, Pakistan ta musanta ta ce a kawo masu bincike 'yan ba-ruwanmu. Ita ma Pakistan tana zargin Indiya da ɗaure wa 'yan awaren Balochistan gindi. Kowa na da littafin ƙorafinsa.

Baba Malam: Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi, ku duba ku gani ko na yi kuskure. Duk lokacin da shugabannin ƙasashen biyu suka matso kusa da juna, ba a daɗewa sai wani abu ya fashe. Fabrairun 1999 firaministan Indiya Vajpayee ya shiga motar bas ya tafi Lahore, shi da takwaransa na Pakistan Nawaz Sharif suka sa hannu a kan sanarwar zaman lafiya, wata tara kacal bayan ƙasashen biyu sun gwada makaman nukiliya. Kafin damina ta kankama sai ga yaƙin Kargil a duwatsun Kashmir, kafin shekara ta ƙare Musharraf ya kifar da Sharif. Shi kansa Musharraf daga baya ya zo ya yi nisa da Manmohan Singh ta bayan fage, har aka buɗe hanyar bas tsakanin Srinagar da Muzaffarabad a 2005, ana maganar a bar layin da ya raba Kashmir yadda yake amma a sassauta shi mutane su riƙa wucewa. Mulkinsa ya tangaɗe, sai harin Mumbai na Nuwamban 2008, mutum 166. Disambar 2015, ranar 25 ga wata, Modi yana dawowa daga Kabul ya sauka Lahore ba zato, ya je har gidan Nawaz Sharif ana hidimar bikin jikarsa. Mako guda bayan nan aka kai hari sansanin sojan saman Indiya na Pathankot. Sau uku ke nan. Ni ban yarda da cewa katari ne ba. A kowane gefe akwai waɗanda tuwonsu a cikin gabar nan yake. A Pakistan sojoji ne da kasafin kuɗinsu da matsayinsu, a Indiya kuma 'yan siyasar da suka gano cewa zagin Pakistan na kawo ƙuri'a. Bayan kwana huɗun Mayu, shugaban sojan Pakistan Asim Munir ya samu ƙarin girma zuwa fil mashal, ita ma gwamnatin Modi ta yi ta shelar nasara. Kowa ya ce shi ya ci. Waɗanda aka binne ne kawai ba a tambaya ba.

Injiniya: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ranka ya daɗe Baba, duk abin da aka faɗa haka ne, amma a ganina an tsallake babban labarin 2025. Hankalin kowa ya tafi kan jirage da makamai masu linzami, alhali ruwa ne abin dubawa.

Yarjejeniyar ruwan Indus aka sa wa hannu a Karachi ranar 19 ga Satumban 1960, Nehru na Indiya da Ayub Khan na Pakistan, Bankin Duniya ya shiga tsakani bayan kusan shekara tara ana ja-in-ja. Koguna shida ne. Uku na gabas, Ravi da Beas da Sutlej, aka bar wa Indiya. Uku na yamma, Indus da Jhelum da Chenab, aka bar wa Pakistan, kuma su ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan. Matsalar ita ce duka ukun ta hannun Indiya suke bi kafin su gangaro. An yarda Indiya ta yi wutar lantarki da su, amma irin madatsar da ruwa ke wucewa abinsa, ba irin mai tara shi ba. Aka kafa hukumar haɗin gwiwa, kwamishina ɗaya daga kowane gefe, suna musayar alƙaluman ruwa.

Ku duba fa. An yi yaƙin 1965, yarjejeniyar na nan. An yi na 1971, Pakistan ta rabu biyu, Indiya ta kama fursunoni kusan 90,000, yarjejeniyar na nan. Kargil, Mumbai, harin Pulwama na 2019, duk ba a taɓa ta ba. Sai 23 ga Afrilun 2025, kwana ɗaya bayan Pahalgam, Indiya ta ce ta jingine ta. An tsagaita wuta ranar 10 ga Mayu, amma ba a dawo da ita ba. Modi ya ce jini da ruwa ba za su gudana tare ba. Pakistan kuma ta ce duk yunƙurin tare ruwan ko karkatar da shi, a wurinta shelar yaƙi ne.

Baban Khalifa: To Injiniya, yanzu sun rufe musu famfon ke nan? Ai da tuni Pakistan ta bushe.

Injiniya: A'a Alhaji, a nan ne masu ihu a Facebook na kowane gefe suke ɓata. Kogi ba famfo ba ne. Madatsun da Indiya ke da su a kan Chenab, irin su Baglihar da Salal, ba su da cikin da za su riƙe ruwan damina da na narkewar ƙanƙara. In ka ce za ka tare, kai za ka fara nutsewa. Gina manyan tafkuna da ramukan karkatar da ruwa a cikin waɗannan duwatsun aikin shekaru ne da kuɗi masu yawa.

Abin da za ta iya yi yau shi ne wasa da lokaci, kuma duk wanda ya taɓa noman rani ya san me nake nufi. In na sama da kai ya riƙe ruwa kwana huɗu daidai lokacin da ka yi dashe, sannan ya sako shi gaba ɗaya ranar da ba ka buƙata, lissafin shekara zai nuna bai ci maka ko guga ɗaya ba, amma gonarka ta tafi. Ƙari a kan haka, ya daina gaya maka yawan ruwan da ke tafe. Alkama da shinkafa da audugar Punjab da Sindh na Pakistan duk a kan wannan ruwan suke. Shi ya sa na ce wannan ya fi harbi haɗari. Harbi kwana huɗu aka yi aka tsaya. Wannan kuwa duk siminti ɗaya da aka zuba a kan Chenab, wani janar a Rawalpindi zai zauna yana lissafin ko ya jira a gama ko kada ya jira.

Amma ga abin da zai amsa tambayarka ta farko. A watan Agustan 2025 da aka yi mamakon ruwa, Indiya ta aika wa Pakistan gargaɗin ambaliya. Ba ta bi ta hukumar ruwan ba, tunda ta ce ta jingine ta. Ta ofishin jakadancinta na Islamabad ta miƙa, ta ce don jin ƙai ne. Pakistan ta karɓa, ta kwashe mutane daga bakin koguna, sannan ta yi ƙorafin cewa ba ta hanyar da ta dace aka bi ba. Ka ga aikin mai gadin da Baba ya ce an bari da waya ɗaya.

Sarkin Gardama: Wato ka hana ni haƙƙina, sannan ka turo min saƙon "ga ruwa nan tafe", in ce na gode? Ai wannan rainin hankali ne. Kuma Pakistan ba kanwar lasa ba ce. Sun kakkaɓo jiragen Indiya, babban hafsan Indiya da bakinsa ya amsa a Singapore cewa sun yi asara a sama. Ga China a bayansu, ga yarjejeniyar tsaro da suka ƙulla da Saudiyya ranar 17 ga Satumban 2025, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka.

Ɗan Damagaram: Ya amsa asara, bai faɗi adadi ba. Ita ma Indiya ta kai hari har sansanin Nur Khan da ke Rawalpindi, ƙofar gidan hedikwatar sojan. Wannan ne ma ya tayar wa duniya hankali. Saudiyya kuwa, kana ganin za ta yaƙi ɗaya daga cikin manyan masu sayen manta saboda Kashmir? Ni ban gani ba.

Maman Ilham: Ni tambayata, wa ya raba su a ƙarshe? Na ji Trump na ta cewa shi ne.

Baba Malam: Hajiya, wannan ma wani faɗan ne mai zaman kansa. Trump ne ya riga kowa sanarwa. Pakistan ta yi masa godiya har ta ce ya cancanci kyautar Nobel. Indiya ta ce sam, daraktan ayyukan sojan Pakistan ne ya kira takwaransa ta wayar da ke tsakaninsu, suka daidaita su biyu. Dalilin wannan musun tsoho ne. A yarjejeniyar Simla ta 1972, Indira Gandhi ta sa Zulfikar Ali Bhutto ya amince cewa matsalolinsu su biyu za su riƙa warwarewa. Tun daga nan Indiya ba ta son jin kalmar mai shiga tsakani, don ita ce babba, in su biyu ne a ɗaki ita ke da rinjaye. Pakistan kuma kullum so take a kira mutanen unguwa, don ƙaramin ɗan uba ya san a gaban jama'a ne kawai muryarsa ke kai ta babban. Alhali in ka duba, sulhun 1966 a Tashkent Tarayyar Sobiyet ce ta haɗa, a can ma firaministan Indiya Shastri ya rasu, daren da aka sa hannu. Na ruwa Bankin Duniya ne. Kargil sai da Sharif ya je wurin Clinton a Washington. Ana shiga tsakanin, amsa hakan a fili ne ba a so a yi.

Autan Punjab: Baba, abokaina na nan in ka ce musu Amurka ce ta raba, faɗa za ku yi. Amma kuma su ɗin ne za ka samu da daddare suna kallon wasannin kwaikwayon Pakistan a waya a ɓoye.

Sarkin Gardama: Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan Kashmir. Amma maganar ruwan nan ban san ta haka ba, Injiniya. Zan bincika da kaina, kada ka ɗauka na sallama.

Injiniya: Bincika, ka fara da taswirar Chenab.

Alhaji, ga wani abu da za ka sa wa ido tunda kai ka buɗe zancen. A Disambar 1988 Benazir Bhutto da Rajiv Gandhi suka cimma yarjejeniyar cewa ba wanda zai kai hari kan cibiyoyin nukiliyar ɗan'uwansa. Tun 1992, duk ranar 1 ga Janairu, ana kiran jami'in kowane ofishi a miƙa masa jerin cibiyoyin, a Delhi da Islamabad a rana ɗaya. Bayan Kargil an yi, bayan Mumbai an yi, bayan 2019 an yi. Ni duk shekara ita nake fara dubawa kafin in saurari jawabin kowa. Shekarar da aka wayi gari ba a miƙa takardar nan ba, Auta ya haɗa jakarsa.

Autan Punjab: Yaya Injiniya, saura min zango uku fa in gama.

Maman Ilham: To ka gaya wa Hajiya gaskiyar nisan da ke tsakaninka da iyakar, ko ni in nemi lambarta wurin Admin.

Baban Khalifa: Admin, don Allah ka ajiye mana wannan zaren, ranar 2 ga Janairu in Allah ya kai mu a ɗago shi. Kofin kuma, an ba su daga baya ko yana wurin ministan? Yaron shagon nan ya dame ni da tambaya.

Admin: An ajiye. Maganar kofi a buɗe mata nata zaren, an kira magariba a nan.